Rumfa da Magaji: Tarihin Masu Sayar da Abinci da Hukumar Gari a Singafo

Sayar da dafaffen abinci yana cikin sana'o'in da suka fi saurin buɗewa da rufewa a kowane babban gari, domin jarin shiga ba shi da yawa, ribar kowane faranti ƙanƙanuwa ce, kayan ba sa kwana, ga kuma mai gida da yake iya ƙara kuɗin haya daidai lokacin da ciniki ya fara kankama. A Singafo, tsibirin da ke ƙarshen kudancin zirin Malaya, wanda gari ne kuma ƙasa ce a lokaci guda, wuraren cin abinci sama da 3,000 ne suka rufe a shekarar 2024 kaɗai, adadin da aka yi kusan shekara 20 ba a ga irinsa ba, ko da yake waɗanda aka buɗe a shekarar sun fi haka yawa. Amma a cikin wannan gari akwai wani rukuni na masu abinci da ba sa bin wannan guguwa, waɗanda ba abin mamaki ba ne a iske ɗayansu ya shekara 30 ko 40 a rumfa guda yana dafa abu guda. Su ne masu rumfuna a cibiyoyin abinci na gwamnati, wato manyan zauruka masu rufi da hukuma ta gina ta yanka su rumfa-rumfa tana bayarwa haya, waɗanda yawansu ya kai kimanin 120, da rumfunan girki sama da 6,000. Tarihin yadda hukumar gari ta tashi daga mai korar masu abinci ta koma mai gidansu shi ne ya haifar da wannan bambanci, shi ne kuma ya haifar da matsalar da ta addabi sana'ar a yau.

Tun daga 1819, lokacin da Stamford Raffles ya kafa wa kamfanin kasuwancin Birtaniya na gabashin Indiya tashar jiragen ruwa marar haraji a tsibirin, garin ya cika da baƙi: Sinawa daga lardunan Fujian da Guangdong da tsibirin Hainan, Tamilawa daga kudancin Indiya, da mutanen Malaya da Java da sauran tsibiran da ke kewaye. Mafi yawansu maza ne da suka zo ci-rani ba tare da iyali ba, suna aikin dako a bakin kogi ko jan keken ɗaukar mutane, suna kwana a benen shaguna, inda ake yanka ɗaki guda da katako gida-gida, mutane da yawa kuma su yi tarayya a murhu ɗaya. Wanda yake zaune haka ba shi da wurin girki kuma ba shi da lokacinsa, saboda haka titi ya zama madafar gari. Mai abinci yakan rataya kayansa a sanda bisa kafaɗa kamar ɗan ga-ruwa, murhun gawayi da tukunya a gefe ɗaya, kwanuka da kayan haɗi a ɗaya gefen, ya sauke inda ya ga leburori sun taru. Mai taliya kuwa yakan tura yaro gaba yana ƙwanƙwasa guntun gora da sanda don a san ya iso, mazauna bene su zuro kwando da igiya da kuɗi a ciki, a ɗora musu kwanon taliya da romo su janye sama. Mai sate, wato naman da ake tsirewa a tsinke a gasa a kan gawayi a ci da miyar gyaɗa, yakan zauna a bakin hanya da ƙananan kujeru, a ƙidaya tsinkayen da mutum ya ci a yi masa lissafi.

A wancan zamani shiga sana'ar da fita daga cikinta ba su da wuya, domin wanda aka sallama daga aikin tashar jiragen ruwa yana iya sayen tukunya ya fara gobe, ya kuma bari ranar da ya sami aiki ko ya tara abin komawa gida. Hukumar gari ta Turawa tana kallon masu abinci ta fuska biyu, duka marasa daɗi: masu tare hanya ne, kuma masu yaɗa cuta ne, musamman kwalara da taifot, tun da da bokitin ruwa guda ake wanke kwanukan yini, sauran abinci kuma kwata ake zuba shi. Daga farkon ƙarni na 20 aka fara ba da lasisi, amma lasisin bai taɓa kai yawan masu sana'ar ba, sai ya zamana mafi yawansu a wajen doka suke, duba-gari da 'yan sanda suna kai musu samame, a kwashe kaya, a fasa amalanke, a ci tara. Inda irin wannan ya daɗe cin hanci ba ya rasa gurbi, ga kuma ƙungiyoyin asiri na 'yan daba da ke karɓar nasu kason da sunan ba da kariya. Abin lura a nan shi ne samamen da ake yi da sunan tsafta shi kansa yana hana tsafta, domin mutumin da ya san ana iya ƙwace kayansa kowace rana ba zai sa kuɗi a tebur mai kyau ko tankin ruwa ba, abin da zai iya ɗauka ya ruga da shi kaɗai zai mallaka.

Bayan mamayar Japan daga 1942 zuwa 1945 rashin aikin yi ya ƙaru, masu talla suka ninka, rikici tsakaninsu da hukuma ya tsananta har Gwamna Franklin Gimson ya kafa kwamitin bincike a kan sana'ar a 1950. Kwamitin ya saurari jami'an lafiya da 'yan sanda da masu sana'ar su kansu, ya kuma amince da abin da talakan gari ya daɗe da sani, cewa masu talla su ne ke ciyar da ma'aikata da araha a kusa da wuraren aikinsu, kuma jama'a da su take tausayawa idan an zo kamu. Shawarar da ya bayar ita ce a tattara su a wurare masu rufi da ruwan famfo maimakon a ci gaba da farautarsu. An yi kaɗan daga cikin wannan a shekarun da suka biyo baya, amma kuɗi da fili sun yi ƙaranci, siyasa kuma ta shigo, domin masu talla da iyalansu ƙuri'a ce mai yawa. Singafo ta sami matsayin birni a 1951 da majalisarta ta gari, wadda Ong Eng Guan ya zama magajin garinta a 1957, amma da jam'iyyar PAP ta Lee Kuan Yew ta hau mulki a 1959 sai ta rushe majalisar ta mayar da ayyukanta hannun ma'aikatu. Daga nan hukumar gari da gwamnatin ƙasa suka zama abu ɗaya, kuma wannan ne ya sa daga baya fili da gidaje da lafiya da lasisi suka kasance a hannu guda, abin da magadan gari da yawa a duniya ba su da shi.

Ko da aka sami cikakken 'yanci a 1965 ba a taɓa masu talla nan da nan ba. Marasa aikin yi sun yi yawa, Birtaniya kuma ta sanar da cewa za ta janye sojojinta, waɗanda sansanoninsu ke ɗaukar dubban ma'aikata, kafin ƙarshen 1971, kuma Lee Kuan Yew da kansa ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa gwamnati ba ta iya share tituna ba sai da masana'antu suka fara samar da ayyuka. Abin da aka fara yi shi ne ƙidaya. A tsakanin 1968 da 1969 aka yi wa masu talla rajista a duk faɗin tsibirin, aka sami kimanin 24,000, waɗanda kusan 18,000 daga cikinsu a kan titi suke, aka ba su lasisin wucin gadi, aka kawar da su daga manyan hanyoyi zuwa lunguna da filayen ajiye motoci. Mafi shahara cikin waɗannan shi ne filin da ke titin Orchard, inda motoci ke cika wurin da rana, da yamma kuma su watse amalanke su shigo a kunna fitilu, har zuwa 1978 da aka tashe shi. Rajistar alkawari ce ga wanda ya shiga, cewa za a ba shi rumfa, amma kuma ƙofa ce da aka rufe, domin wanda bai shiga ba an kore shi daga titi ba sassauci, sabon lasisi kuma sai ga wanda aka tabbatar yana cikin ƙuncin rayuwa. An ɗaura haƙƙin rumfa a jikin mutum guda da sunansa, wanda ba ya wucewa sai ga iyalinsa na kusa, kuma wannan sharaɗi, da bai dami kowa ba a lokacin da masu rumfunan ke da ƙuruciya, shi ne ya dawo ya zama babbar magana bayan shekara 50.

Hong Kong, wadda ita ma tashar Birtaniya ce mai cike da Sinawa 'yan ci-rani, ta bi wata hanya da irin wannan sharaɗi. Rumfunan girki na bakin titi da ake kira dai pai dong sun yawaita a can bayan yaƙin duniya na biyu, amma hukuma ta daina ba da sabon lasisinsu a shekarun 1950, ta taƙaita gadonsa, daga 1983 kuma ta riƙa biyan masu shi kuɗi su mayar da shi. Ta gina wuraren girki a benen kasuwanni don wasunsu, amma na titin an bar su ne su ƙare tare da masu su, har ya kasance waɗanda suka rage a yau ba su kai 30 ba.

A Singafo gini aka sa gaba. Daga 1971 zuwa 1986 gwamnati ta gina cibiyoyin abinci da kasuwanni sama da 100, ta kwashe masu rajista daga titi rukuni-rukuni, aikin da ya koma ƙarƙashin ma'aikatar muhalli bayan an kafa ta a 1972, ya kuma haɗu da aikin share Kogin Singafo da aka fara a 1977 aka shekara goma ana yi, tun da sharar masu talla tana cikin abin da ya ɓata kogin. Fasalin cibiyar ba shi da ƙawa: rufi ne mai tsawo da gefuna a buɗe don iska, da fankoki, da layukan rumfuna waɗanda kowace ba ta wuce inda mutum biyu za su juya ba, amma tana da famfo da wutar lantarki da magudanar ruwa, sai tebura da kujeru da aka kafe a ƙasa a tsakiya waɗanda ba na kowace rumfa ba ne, kowa ya sayi abin da yake so ya zauna inda ya samu. Basine mai shinkafa da kaza, da Bamalaye mai shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da Ba'indiye Musulmi mai gurasa da miyar kori suna jere a layi ɗaya, rumfunan halal da kwanukansu daban da wurin ajiye tirensu daban. Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne inda aka ajiye shi. Hukumar gidaje ta HDB, da aka kafa a 1960, tana kwashe jama'a daga tsakiyar gari da ƙauyuka zuwa sababbin unguwanni masu dogayen benaye, inda a yau kusan kashi 80 cikin ɗari na mazauna ƙasar suke zaune, kuma dokar karɓar filaye ta 1966 ta ba gwamnati ikon samun fili da sauƙi, saboda haka aka riƙa kafa cibiyar abinci a tsakiyar unguwa, jikin kasuwar ɗanyen kaya da tashar bas. An kai mai abinci inda aka riga aka kai masu ci. Ba kowa ne ya ji daɗin ƙaurar ba, domin wanda aka ba rumfa a bene ko a lungun da ba a bi ya rasa abokan cinikin da ya shekara yana tarawa, wasu kuma suka bar sana'ar, amma a 1983 aka kwashe masu tallar unguwar Sinawa ta tsakiyar gari zuwa ginin da aka yi musu, a 1986 kuma aka kammala aikin.

Kuɗin hayar da aka ɗora wa waɗannan masu rumfuna na farko ƙasa yake ƙwarai da na kasuwa, har yanzu ma waɗanda suka rage cikinsu ko magadansu suna biyan tsakanin dalar Singafo 192 da 384 a wata, a garin da hayar ƙaramin shago take kai dubbai. Sakamakon haka shi ne zama wuri ɗaya, wanda sana'ar ba ta taɓa sani ba. Mutumin da ya tabbata ba mai tashinsa yana iya ƙare rayuwarsa a kan abinci guda, ya san wutar da soyayyar taliyarsa take so, ya riƙa tashi ƙarfe uku na dare yana haɗa romo, a san shi a unguwa, 'ya'yan waɗanda ya fara sayar wa su zo da nasu 'ya'yan. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa tausayin mai girki ne kaɗai ya sa gwamnati ta yi wannan. Ƙasar tana neman jawo masana'antun waje da ma'aikata masu sauƙin albashi, mata kuma suna fita aiki a masana'antu, gida ya rasa mai girkin rana, kuma abinci mai araha a ƙofar gida yana cikin abin da ya sa ƙaramin albashi yake isa. Tallafin ta hannun mai rumfa yake bi ya isa ga mai ci. Akwai yarjejeniyar da ba a rubuta ba, cewa hukuma ta sauƙaƙa haya shi kuma ya sauƙaƙa farashi, kuma jama'a sun riƙe wannan yarjejeniya da ƙarfi fiye da yadda hukuma ta riƙe ta.

Da aka gama kwashe na titi sai gwamnati ta ga aikinta ya ƙare, ta daina gina sababbin cibiyoyi har shekara 25, sababbin unguwanni irin su Sengkang da Punggol suka tashi ba su da ko ɗaya, aka bar wa 'yan kasuwa ciyar da su. Nan ne ake ganin abin da ke faruwa idan mai gida ba hukuma ba ce. Akwai kopitiam, wato shagon shan kofi na gargajiya, wanda mai shi yake riƙe sayar da abin sha ya ba masu girki haya a gefe, akwai kuma zaurukan abinci masu na'urar sanyaya wuri a manyan kantuna, da suka fara yaɗuwa a shekarun 1980. Tsofaffin kopitiam na tsakiyar gari sun daɗe a inuwar dokar ƙayyade kuɗin haya ta 1947, da aka fara sassauta ta a ƙarshen shekarun 1980 aka kuma soke ta a 2001 sai da yawa suka rufe. Na unguwanni kuwa HDB ta sayar da ɗaruruwansu ga masu zaman kansu kafin ta daina a 1998, suka riƙa sauya hannu farashi yana hawa, har aka sayar da guda a unguwar Tampines a kan sama da dala miliyan 41 a 2022. Wanda ya biya irin wannan kuɗi daga masu girki zai fanshe shi, kuma abin da aka saba gani bayan irin wannan ciniki shi ne a ninka haya, tsofaffin masu rumfuna su tattara, kamfanoni masu rassa da yawa su maye gurbinsu. A cikin cibiyoyin gwamnati ma an ɗanɗana wa kasuwa: a shekarun 1990 an sayar da rumfunan wasu cibiyoyi na wa'adin shekara 20, rumfar da ta zama fanko kuma ana ba da ita ga wanda ya fi tayi, wasu masu lasisi suka koma ba da rumfunansu haya a hannu na biyu suna zaune a gida. Aka wayi gari a layi ɗaya akwai mai biyan dala 200 da mai biyan ninkin haka sau biyar ko goma, dukansu kuma masu saye ɗaya suke jira da farashi kusan ɗaya.

Ta fuskar tsafta hukuma ba ta janye ba. A 1997 aka fara ba rumfuna maki daga A zuwa D ana liƙa takardar inda kowa zai gani, a 2001 aka ware dala miliyan 420 don sabunta tsofaffin cibiyoyi, a 2002 aka kafa hukumar muhalli ta NEA wadda ita ce mai kula da su har yau, kuma gubar abincin da ta kashe mutum biyu ta kwantar da sama da 150 a kasuwar wucin gadi ta Geylang Serai a 2009 ta ƙara tsananta bincike. Gyaran yakan rufe cibiya watanni, kuma tsofaffi da dama a irin wannan hutu suke yanke shawarar ba za su dawo ba.

A 2011, shekarar da tsadar rayuwa ta yi tasiri a babban zaɓe, gwamnati ta sauya shawara ta sanar da gina sababbin cibiyoyi 10, ta ƙara wasu 10 a 2015. A 2012 ta cire mafi ƙarancin kuɗin da ake iya tayawa, ta kuma hana ba da haya a hannu na biyu, don ya zama mai lasisi shi ne mai tsayawa a gaban murhu. Wannan ya sa rumfunan da ke wuraren da ba ciniki suka riƙa tafiya a kan 'yan daloli kaɗan a wata, alhali a wuri mai ciniki kamar Marine Parade an taya rumfa sama da dala 10,000 a 2024. Sababbin cibiyoyin, daga ta Ci Yuan a 2015, an damƙa gudanar da su ga kamfanonin abinci masu zaman kansu a bisa sharaɗin ba riba za su sa gaba ba, amma a 2018 K. F. Seetoh, marubucin abinci, ya fito da ƙorafe-ƙorafen masu rumfuna a kan yarjejeniyoyin da suka sa wa hannu: kuɗin wanke kwanuka da na mayar da tire, da tilasta dogayen sa'o'in aiki, da tara mai nauyi ga wanda ya so fita kafin wa'adi. Surutu ya yi yawa har NEA ta shiga tsakani ta daidaita sharuɗɗan. Lamarin ya nuna cewa arahar haya rabi ce kawai na abin da tsohon tsari ya bayar, ɗaya rabin shi ne mai gida da ba ya sa baki a yadda mai rumfa zai tafiyar da yininsa.

Duk da haka, haya ba ita ce ke rufe rumfuna a yau ba. Binciken da gwamnati ta yi a tsakiyar shekarun 2010 ya nuna cewa kayan girki suna cin kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da mai rumfa yake kashewa, haya kuwa kimanin kashi 12 ce, kuma ƙasar da take shigo da sama da kashi 90 na abincinta daga waje ba ta da iko a kan farashin kaya, kamar yadda aka gani a watan Yuni na 2022 da Maleshiya ta dakatar da fitar da kaji, masu shinkafa da kaza suka shiga tsaka mai wuya. Doka ta daɗe tana keɓe rumfa da aikin yaron rumfa ga 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin, waɗanda ba su cika son tsayuwar sa'a 12 a cikin zafi ba, saboda haka yawancin rumfuna miji da mata ne ke riƙe da su. Mai saye kuma, wanda ba ya jin komai idan ya biya dala 15 a kan taliyar Japan a babban kanti, yakan yi ƙorafi idan mai rumfa ya ƙara rabin dala. Matsakaicin shekarun masu rumfuna ya kai kusan 60, 'ya'yansu sun yi karatu da kuɗin rumfar, kuma sau da yawa iyayen ne da kansu ba sa so su gaje su. Rufewar da a da take zuwa daga samame ko ƙarin haya yanzu daga ciwon gwiwa da rashin magaji take zuwa, kuma ta fi waccan tsanani ta fuska ɗaya, domin wanda aka kora yana iya sake buɗewa a wani lungu, amma girkin da ba a rubuce yake ba yana tafiya tare da mai shi.

Yabo bai yi ƙaranci ba. A 2016 littafin Michelin, mai tantance wuraren cin abinci, ya ba rumfuna biyu tauraro, ɗaya ta Chan Hon Meng mai kaza da shinkafa a cibiyar unguwar Sinawa, wanda farantinsa dala 2 ne a lokacin, ɗaya kuma ta taliya mai suna Hill Street Tai Hwa, ko da yake ta farkon ta rasa nata a 2021 bayan ta zama kamfani mai rassa. A watan Disamba na 2020 UNESCO ta sanya al'adar cibiyoyin abinci ta Singafo cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan ya zo ne a shekarar annobar korona, wadda ta sake nuna amfanin mai gida guda: da aka hana zama a ci abinci a waje daga 7 ga Afrilu zuwa 18 ga Yuni, gwamnati ta yafe wa masu rumfunanta hayar watanni kai tsaye, alhali masu gidajen abinci na kasuwa sai da majalisa ta yi doka kafin masu gine-gine su miƙa musu rangwamen da aka tanada. Daga ƙarshen 2021 kuma aka fara raba wa kowane gida takardun saye da ake kashewa a rumfunan abinci da ƙananan shagunan unguwa, wanda tallafi ne ga mai ci da mai girki a lokaci guda ba tare da an taɓa farashi ba.

Shirye-shiryen neman sababbin hannu sun fara a 2017 da rumfunan gwaji, waɗanda ake ba mai sha'awa da kayan aiki a ciki da rangwamen haya na wasu watanni don ya gwada kafin ya zuba jarinsa, sai shirin koyarwa na 2020 da ke haɗa ɗan koyo da tsohon mai rumfa, sai kuma shirin gado, wanda ya ba tsohon mai rumfa damar miƙa rumfarsa da girkinsa ga wanda ba danginsa ba, wato an sassauta ƙullin da aka yi tun zamanin rajista. Waɗanda suka bi ta waɗannan hanyoyi kaɗan ne idan aka gwada da masu ajiye aiki, kuma matasan da suka shigo sukan zaɓi abincin Turai ko na Japan da Koriya, wanda mai saye bai saba da tsohon farashinsa ba balle ya yi musu gardama, yayin da rumfunan abincin gargajiya da yawa suka koma sayen ƙwallon kifi da miya daga masana'anta saboda ba hannun da zai yi su da asuba. A ƙarshen 2024 hukuma ta gyara tsarin tayi, domin a da wanda ya taya da tsada yakan jure shekara uku ne kawai hayarsa ta sauko zuwa ƙimar kasuwa, abin da ke ba mai jari damar ture ƙaramin mai girki, yanzu kuwa saukowar a hankali take zuwa cikin wa'adi biyu. Daga farkon 2025 kuma an yarda baƙin da ke zaune a ƙasar da izinin ziyara mai tsawo, waɗanda yawancinsu matan 'yan ƙasa ne ko mazajensu, su yi aiki a rumfuna a matsayin mataimaka, amma lasisin rumfar kansa yana nan a hannun 'yan ƙasa da masu zaman dindindin.